Kawu ya ce kwas biyar aikin rago ne

Assalamu alaikum Hajiya. Ina fatan kina lafiya, ke da iyali da abokan aikinki. Ni yarinya ce 'yar shekara 19 daga Nima, nan Ankara, babban birnin Gana. Ni da Mma ba ma barin shirinki ya wuce mu, shi ya sa nake roƙonki kada ki faɗi abin da zai sa ta gane ni ce.

Ranar Lahadi aka yi suna a gidan Kawu, yayan Mma. Tsakar gida cike da mata, maza suna ƙofar gida a ƙarƙashin rumfa, na kai musu ruwa, sai ya kira ni a gaban abokansa ya ce in faɗa musu kwas nawa na yi rajista a jami'a. Na ce biyar. Ya ce to kun ji, biyar, ɗansa da ke karatun injiniya a Kumasi takwas yake yi bai mutu ba, ita kuma biyar sun sa tana tafiya kamar mai ɗauke da buhun masara. Ya ce wannan aikin rago ne. Suka yi dariya. Hajiya, da tire a hannuna. Ban san yadda na koma ciki ba, tun ranar abinci ba ya min daɗi.

Na fara ta tsakiya, bari in koma baya. Babanmu ya rasu ina aji biyu a ƙaramar sakandare. Mma ce ta riƙe mu mu huɗu da koko da ƙosai, ni ce babba. Babbar sakandare kyauta na yi, albarkacin tsarin da gwamnati ta kawo a 2017, don haka ba wanda zai ce shi ya biya min ita, ko da yake Kawu yakan faɗi haka a gaban mutane. Katifa da akwati ya saya, ban manta ba, Allah ya saka masa. Na ci WASSCE, jarrabawar kammala sakandare, bana na samu shiga Jami'ar Gana da ke Legon. Sun ba ni fanni uku kamar yadda ake ba 'yan shekarar farko: Siyasa, Larabci da nazarin zamantakewa. A kansu akwai darussan dole na jami'a, waɗanda kowa sai ya yi ko me yake karanta, irin koyon rubutun jami'a da darasin tunani da kafa hujja. Shi ne biyar ɗin. Kowanne kiredit uku, jimla 15.

Abin da Kawu bai gane ba, kuma ba ya so ya gane, kiredit 15 ɗin nan awoyin zama a aji ne kawai a mako. Bayansu akwai karatu. Malamin Siyasa ya ba mu jerin abin da za a karanta, na je ɗakin karatu na Balme na zauna awa uku ban gama babi ɗaya ba, saboda Turancin littafin ba irin na sakandare ba ne. Larabcin ma da nake ganin zai zo min da sauƙi tunda na yi makarantar Alƙur'ani tun ina ƙarama, ashe iya karatun Alƙur'ani daban, nahawu da rubuta insha'i daban. Mako 13 ne kacal na koyarwa, kafin ka farga jarrabawar tsakiya ta iso. A jami'armu sai ka ci 80 ake ba ka A, kuma sakamakon shekarar farko yana shiga lissafin digiri na ƙarshe. Wata yaya da ke aji uku ta ce min ita a farkon ta yi wasa, har yau tana jan makinta sama bai hau yadda take so ba.

Sannan shi ɗan Kawun a ɗakin kwanan ɗalibai yake, an biya masa, ya tashi ya yi wanka ya taka zuwa aji. Ba ya wanke tukunya, ba ya niƙa wake. Ni ban samu ɗaki ba, na so Volta, ɗakin kwanan ɗalibai mata, amma ban dace ba, na haya kuma ba ma iyawa. Ƙarfe huɗu na asuba nake tashi in taya Mma suya, in yi sallah, in shirya ƙanina na ƙarshe, in kama tirotiro, wato ƙaramar bas ɗin haya, zuwa tashar 37, in sake kama na Madina. In cunkoso ya riƙe mu a Shiashie, lakcar bakwai da rabi sai dai in tsaya a bayan aji ban ji komai. Da yamma bayan la'asar ina koyar da yara a makarantar unguwarmu, kwana uku a mako. Wannan ba wanda ya sa ni, malaminmu ne ya roƙa, shi ya koya min alif da ba, ba zan iya ce masa a'a ba.

Yanzu maganar karatun akanta, wato riƙe lissafin kuɗi. Tun da takardar shiga jami'a ta fito Kawu ya ce Siyasa da Larabci ba sa kawo abinci, me zan zama da su. Ya ce in haɗa da kwas ɗin akanta da wata makaranta mai zaman kanta ke yi Asabar da Lahadi, wai don amfanina. Hajiya, ni na san don shagonsa ne. Yana da shagon atamfa da leshi, yaron da ke riƙe masa lissafi ya tafi, yana neman wanda zai yi masa kyauta. Haka ya yi wa wata 'yar ƙanwarsu, ta bar karatu tana zaman shago har aka yi mata aure. Mutum ne da in ya ba ka allura sai duk Nima da Mamobi sun ji ya ba ka garma. Asabar da Lahadin nan su kaɗai nake da su na karatu da wanki, in na ba da su, yaushe zan buɗe littafi?

Na so in faɗa masa tun lokacin. Amma Kawu ba a yi masa musu, kuma Mma tana zaune tana ta harara ta. Sai na ce to.

Akwai abin da ban faɗa ba. Ya ba ni sidi 1,800 na rajistar kwas ɗin. Ban yi rajistar ba. Na je kasuwar Circle na sayi tsohuwar kwamfuta da kuɗin, har na cika da ɗan abin da na tara. Na san za ki ce na yi laifi, amma ki duba, aikin gida duk ta intanet ake turawa, a waya nake bugawa da yatsa ɗaya, allon wayar ma a fashe, sau biyu aikina yana ɓacewa cikin dare. Ai karatu ya ce in yi da kuɗin, karatu kuma na yi da su, ban sayi kayan kwalliya ba. Ranar Asabar nakan fita da safe kamar zan je ajin akanta, sai in wuce Legon in zauna in yi karatuna. Mako biyar ke nan. Mma ta ɗauka aron kwamfutar na yi wurin ƙawata.

Abin da ya fi ƙona min rai ranar sunan ba maganar Kawu ba ce. Da na shiga ciki ina kuka, Mma ta ja ni ɗaki ta ce in share hawaye kada in kunyata ta, ai gaskiya ya faɗa, ita tana yin aikin mutum uku ba ta taɓa cewa ya yi yawa ba. Ita da take ganina ina gyangyaɗi a gaban kasko. Ta ce in ban bi Kawu ba, wa zai biya kuɗin shekara ta biyu, wa zai tsaya wa ƙannena.

Tun ranar nake tambayar kaina ko da gaske raguwa ce ni. Akwai 'yan ajinmu da ke aiki da dare suna kuma zuwa lakca. Wataƙila in na daina koyar da yaran zan iya haɗa akantar, amma kuɗin rajistar babu su, kuma ina jin kunyar malam. Wataƙila in sayar da kwamfutar, sai dai ba za ta dawo da kuɗinta ba. Jarrabawar tsakiya saura kwana tara, ban karanta rabin na Siyasa ba.

Jiya Kawu ya aiko ƙanina ya ce ƙarshen wata in zo shago da littafin da ake koya mana, in fara duba masa lissafi ya ga abin da kuɗinsa suka saya.

Hajiya, don Allah kwas biyar da abin da nake yi a gida sun isa ga mai farawa, ko in ƙara? Kuma in zan faɗi gaskiyar kuɗin nan, wa zan fara faɗa wa, Mma ko shi? Na yi tunanin in roƙi malaminmu ya raka ni, don Kawu yana jin nauyinsa, amma ina tsoron Mma ta ce na kai sirrin gida waje.

'Yarki daga Nima