Jirgin yaƙi ba saye ne wahala ba, Iran ta gani a kan F-14

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka.

Tun da Faransa ta kwashe jiragenta na Mirage daga Njamena a watan Disamban 2024, hirar da ake ta yi a majalisunmu nan Kusiri da guruf-guruf na WhatsApp ita ce wai gwamnatocinmu su fito da kuɗi kawai su sayo manyan jirage shikenan an huta. Ni dai kayan gyaran babur nake sayarwa, shi ya sa nake so jama'a su ji labarin jirgin yaƙin nan F-14 Tomcat.

Kamfanin Grumman na Amurka ne ya ƙera shi don sojan ruwa, ya fara tashi a 1970, ya shiga aiki a 1974. Daga kan jirgin ruwa yake tashi, kuma filin gajere ne, sai wata na'ura ta cilla shi sama da ƙarfin tsiya, in zai sauka kuma akwai ƙugiya a ƙarƙashin wutsiyarsa da take cafke igiyar ƙarfe da aka gitta a filin ya tsaya cak, to ka duba irin jijjigar da ƙafafu da tayoyi suke sha kullum, ga gishirin teku yana cin ƙarfe, ga fukafukansa masu motsi ne, ya buɗe su in zai sauka ya naɗe su baya in zai yi gudu. Injin biyu, mutum biyu a ciki. Duk abin da ke motsi kuwa sai ya ci wata rana.

Ƙasa ɗaya tak Amurka ta sayar wa, Iran, zamanin Sarki Shah. Ya yi odar 80, aka kawo 79, sai juyin juya halin 1979 ya zo, zumunci ya watse, Amurka ta rufe ƙofar kayan gyara ruf. Shekara na zagayowa yaƙi da Iraƙi ya ɓarke har 1988. Haka makanikan Iran suka dinga kwance wani jirgin suna gyara wani, irin yadda yaran gareji suke yanka babur biyu su tada ɗaya, wasu kayan su ƙera da kansu, wasu su bi ta bayan fage a kasuwar duniya. Gaskiya sun yi ƙoƙari, amma jiragen da ke iya tashi sai raguwa suke.

Abin da ya fi ba ni mamaki, da Amurka ta yi wa nata ritaya a 2006 ta koma kan wani jirgin yaƙin mai suna Super Hornet, ba ta yi gwanjonsu ba. A jihar Arizona aka sa injin yana daddatsa da yawansu gutsi-gutsi, don kar ko ƙusa ɗaya ta faɗa hannun Iran. Jirgin miliyoyin daloli fa!

To in ƙasa mai arzikin mai da injiniyoyi kamar Iran ta sha wannan, ina ga mu? Don Allah Malam Edita, duk ranar da aka ce Chadi ko Kamaru ko Najeriya ta sayo jirgi, wakilanku su daina tsayawa kan hoton minista yana yanke kyalle, su tambaya kwangilar kayan gyaran ta shekara nawa ce, su wa za a koya wa gyaran, kuma in an ɓata da mai sayarwa wa zai kawo ko taya.

Naku,
Wani mai karatu daga Kusiri, Kamaru