Zafi ne ke kashe tsofaffin ƙananan injunan mota, ba yawan shekaru ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ku ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wani hukunci da ake yawan yanke wa tsofaffin ƙananan motoci masu amfani da fetur, wato cewa da zarar mota ta haura shekara 20 injinta ya gama yayi, sai dai a nemi wani a ɗora. Na daɗe ina riƙe da irin wannan mota, kuma abin da na gani shi ne yawancin injunan da ake cewa tsufa ya kashe su, zafi ne ya kashe su, kuma zafin nan da hannunmu muke jawo shi.

Motata Toyota Starlet ce mai injin da ake kira 4E-FE, wanda ya fara fitowa a 1989, aka kuma sa shi a wasu ƙananan Corolla na shekarun 1990. Girmansa cc 1,331 ne, silinda huɗu, bawul 16, yana shan mai ta nozul maimakon kafireto, kuma a Starlet ɗin ƙarshe da aka sayar a Turai kafin a daina ƙera ta a 1999 ƙarfinsa na doki 75 ne. Ba injin tsere ba ne, amma abin da ya kamata mai shi ya riƙe a ransa ba ƙarfin ba ne, kayan da aka ƙera shi da su ne: gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe ce, kansa kuwa, wanda kanikawa ke kira tof silinda, na alminiyam ne. Idan an ɗumama su, alminiyam yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe ke buɗewa, saboda haka duk ranar da inji ya yi zafin da ya wuce ƙa'ida, kan yakan lanƙwashe, gasket ɗin da ke tsakaninsu ya ƙone, ruwa ya shiga cikin baƙin mai ko cikin silinda. Sau ɗaya tak ya isa.

A nan ne nake da ƙorafi a kan wata dabara da wasu kanikawa ke ɗauka gwaninta ce, wato cire tamostat, ɗan bawul ɗin da ke hana ruwa zagayawa zuwa lagireto har sai inji ya ɗumama, a jefar, sannan a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayar da mota har kashe ta. An taɓa yi mini haka ba tare da an tambaye ni ba, ranar da na kai motar saboda allurar zafi ta ɗan ɗaga, aka ce mini ai yanzu ba za ta sake yin zafi ba. Allurar ta kwanta kam, amma cikin 'yan makonni na lura tana shan mai fiye da da, fulogi suna yin baƙi, kuma baƙin man da na zuba yana warin fetur. Dalilin ba boyayye ba ne. Tamostat ɗin irin wannan inji yana fara buɗewa ne a wajen digiri 82, domin a wannan zafin aka tsara injin ya yi aiki. Idan aka cire shi, ruwa ya ƙi ɗumi, na'urar da ke auna zafi sai ta ci gaba da shaida wa kwamfutar motar cewa inji bai ɗumama ba, ita kuma ta ci gaba da ƙara fetur kamar yadda take yi da sanyin safiya. Rarar fetur ɗin nan tana wanke man da ke jikin silinda, ta gangara ta tsinka baƙin mai, ringi da fistin su riƙa cin juna a hankali. Abin takaicin kuma shi ne ainihin cutar, wadda a tawa motar lagireto ne da tsatsa ta toshe, tana nan ba a taɓa ta ba. An dai rufe bakin mai ba da labari ne kawai.

Tsatsar kuwa daga ruwa zalla take zuwa. Ruwan sanyaya inji da ake sayarwa ba don ƙasashe masu ƙanƙara kaɗai aka yi shi ba, yana ɗauke da sinadaran da ke hana ƙarfe tsatsa da hana alminiyam zaizayewa, abin da ruwan famfo ba ya yi. Haka nan murfin lagireto, wanda mutane ke raina shi, shi ne ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100, ya kai shi wajen 120. Murfin da robarsa ta mutu yana iya sa lafiyayyen inji ya riƙa amai da ruwa a kan hawa.

Game da baƙin mai, abin da irin wannan inji ke ɗauka kimanin lita 3 ne kacal, don haka wanda ya bari lita ɗaya ta ƙone bai duba ba, ya yi asarar kashi ɗaya cikin uku na abin da ke kare injinsa. Tsohon inji yakan ɗan sha baƙin mai, musamman idan robobin bawul sun bushe, alamarsa ita ce shuɗin hayaƙi lokacin tayarwa da safe wanda ke ɓacewa bayan ɗan lokaci. Wannan ba dalilin sauke inji ba ne, canza robobin ya wadatar. Duba sandar mai kowane mako da yin juye a kan lokaci tare da sabuwar filta sun fi zuba mai mai kauri domin a ɓoye ƙara.

Sai taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da na fistin, wanda aka saba canzawa a kilomita 100,000, kuma da yake roba ce, shekaru ma suna cinye ta ko da motar ba ta yawan tafiya. Mai hankali yakan canza famfon ruwa a lokaci guda tun da an riga an buɗe wurin. Masu Nissan Micra ta 1992 zuwa sama, mai ƙaramin inji cc 998, sun huta da wannan domin nasu sarƙa ce, sai dai ita ma sarƙar tsabtataccen mai take so, in ba haka ba ta saki ta fara ƙara.

Ni dai na mayar da tamostat, na sa aka wanke lagireto, aka mayar da fanka kan na'urarta yadda sai ruwa ya haura digiri 90 take tashi, kuma shan man ya koma yadda yake. Ina roƙon Edita, idan da hali, ku gayyato ƙwararrun kanikawa su amsa mana a wannan shafi, musamman waɗanda ke ganin cire tamostat daidai ne, domin ina son jin hujjarsu.

Wassalam.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku a kullum