Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Ilimi: A Dakatar Da Shafa Wa Tsofaffin Azuzuwa Siminti

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum, tare da fatan kana lafiya. Mu da muka rubuto wannan wasiƙa magina ne da masu zanen gine-gine da masana bishiyoyi, kuma maganarmu ɗaya ce: gyaran da ma'aikatarka ta ba da kwangilarsa a tsohuwar makarantar nan, in aka bar shi a kan hanyar da ya ɗauko, shi ne zai kayar da gine-ginen da aka ce an zo ceto.

Ba sai mun tuna maka alkawarin ranar ƙaddamar da aikin ba, amma bari mu tuna maka. An ce tsofaffin azuzuwa da ɗakin taro za su ci gaba da zama yadda magabata suka gina su, kuma inuwar da yara ke ɗaukar darasi a ƙarƙashinta ba mai taɓa ta. To ga abin da aka yi: an lulluɓe bangon laka da filastar siminti tun daga ƙasa har bakin rufi, an bi da fentin mai, an shimfiɗa intalok har jikin gini. Hoto ya yi kyau ƙwarai. Madalla da wanda ya ɗauka.

Bangon tubalin laka ba ya taɓa bushewa ƙarƙaf. Kullum yana tsotsar danshi daga ƙasa ta tushensa, danshin ya hau kusan mita ɗaya, wani lokaci ya ɗan ɗara, sannan ya fice ta fuskar bangon zuwa iska. Muddin abin da ke fita ya kai abin da ke shiga, gini zai yi shekara ɗari yana tsaye. Yaɓen laka da shafen farar ƙasa suna barin danshin ya wuce. Siminti da fentin mai kuwa tare shi suke yi, tamkar a sa wa mai gumi rigar leda. Bayan haka siminti tauri gare shi, laka kuma tana kumbura da damina ta tsuke da rani. Da yake ba sa motsi tare, filastar sai ta yi tsaga siririya, ruwan sama ya bi ta nan ya shiga, ya rasa mafita. Sai ya taru a gindin bango, wato daidai inda nauyin ginin duka ya sauka. Jiƙaƙƙiyar laka ba ta ɗaukar nauyi. Abin tsoron shi ne daga waje ba a ganin komai: filasta tana nan sumul, bayanta kuwa ƙasa tana zagwanyewa, har ranar da bango zai zauna da rufinsa, wataƙila da ɗalibai a ciki.

Ba sai an ɗauko na'ura ba kafin a tabbatar. A ƙwanƙwasa filastar da ƙotar guduma daga ƙasa zuwa tsayin ƙugu. Duk inda ta yi amo irin na rami, ta riga ta rabu da bango. A shiga cikin aji a duba farin gishirin da ke tsattsafowa a saman daɓe, da fentin da ya yi bororo, da hanyoyin gara da suka nufi katakon rufi, don gara danshi take bi. A ɓamɓare tafin hannu guda na filasta a kusurwar da ruwa ya fi duka, a damƙo ƙasar da ke baya. In ta dunƙule a hannu ta bar sanyi, magana ta ƙare.

Intalok ɗin ya ƙara dagula lamarin. An zuba yashi an ɗora shi a kan tsohuwar ƙasa, sai farfajiya ta fi gindin bango tudu, ruwan da ke zubowa daga kwano yana fantsama ya koma jikin gini. Ƙasar da a da take shan iska ta bushe, yanzu an toshe ta, danshinta ba shi da hanya sai cikin bango.

Wannan kuskure ba a kanmu aka fara shi ba, shi ya sa maimaita shi ya fi ciwo. Cocin San Francisco de Asis da ke Ranchos de Taos a jihar New Mexico ta Amurka ginin laka ne. An shafe shi da siminti a 1967 don a huta da yaɓen shekara-shekara. Zuwa 1979 sai da aka ɓamɓare simintin aka sake gina sassan da suka ruɓe, aka koma yaɓen laka har yau. Babban Masallacin Jenne a Mali, wanda gininsa na yanzu na 1907 ne, da yaɓen laka na kowace shekara yake tsaye. Yarjejeniyar Venice ta 1964 kan kula da gine-ginen tarihi ta ce ba a komawa ga dabarun zamani sai in na asali sun gaza. Wa ya gwada na asalin a nan har ya gaza? Ko kuwa buhun siminti ne ya fi sauƙin lissafawa a takardar kwangila?

Ranka ya daɗe, don Allah ka ba da umarnin tsayar da aikin filastar yau, kafin a kai ga azuzuwan da suka rage. Wanda aka riga aka shafe kuma yana gyaruwa, in an bi shi a hankali.

Daga sama ake farawa. A toshe yoyon rufi, a gyara indararo ya riƙa jefa ruwa nesa, bakin kwano ya zarce bango da aƙalla santimita 60. Sai a ɗage intalok daga jikin gini, a sauke ƙasar waje ta koma ƙasa da daɓen ciki da aƙalla santimita 15, a yi mata gangara na santimita 5 a kowace mita har mita biyu zuwa uku. Inda ruwa ke kwanciya a haƙa magudana a cika ta da tsakuwa, amma kada a haƙa ta a manne da tushe.

Bayan nan ne za a taɓa filastar. A fitar da ɗalibai, a tokare rufi tukuna, domin a wasu wuraren simintin ne kaɗai ya rage yana riƙe da bango. A cire shi da guduma da kurfi, da hannu, kashi-kashi, kamar murabba'in mita ɗaya a lokaci guda. Injin fasa kankare jijjigarsa za ta zubar da abin da ake son ceto. Inda gindi ya zaizaye, a kankare ruɓaɓɓiyar ƙasar har a tarar da mai ƙwari, a cike da busassun tubalan laka irin na ginin, a yi faɗin santimita 60 a tsallake 60, sai wanda aka yi ya kama a dawo kan wanda aka tsallake. In aka rarake gindin a jere, an kayar da bango da hannu. Kada a cusa bulo na siminti a ramin, matsalar ce za ta dawo a gefensa.

Sai kuma haƙuri, wanda shi ne ɗan kwangila ba ya so. Abin da magina ke ƙiyastawa shi ne kaurin santimita biyu da rabi na ɗaukar kusan wata guda kafin ya bushe, don haka bango mai kauri zai cinye rani guda ko fiye. Yaɓe a kan jiƙaƙƙen bango asarar kuɗi ne. In ya bushe, a yi yaɓen laka da yashi da yankakkiyar ciyawa, bayan an gwada kwaɓi iri uku ko huɗu a ƙananan wurare an zaɓi wanda bai tsage ba kuma bai zuba ba. In farar ƙasa za a yi, bokiti ɗaya nata, wadda ta kwanta a ruwa aƙalla wata uku, da bokiti uku na yashi mai kaifi. Kowane shafi kada ya wuce santimita ɗaya, a riƙa yayyafa masa ruwa, a kare shi daga rana na 'yan kwanaki. Ko cokali ɗaya na siminti kada a bari a zuba "don ya yi ƙarfi". A gama da wankin farar ƙasa tsararo, sau uku zuwa biyar. Masu aikin su sa safar hannu da tabarau, farar ƙasa tana ƙona fata da ido.

Batun ajin inuwa kuwa, gaskiya ne ba a sare bishiya ba, ana dai kashe su a tsaye. Yawancin saiwoyin da bishiya ke sha da su suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, kuma sun bazu nesa da gindi. Tifa tana juye yashi a kansu, ana kwaɓa siminti a inuwar, ana zubar da ruwan wankin shebur a gindi, ruwan da kaifinsa ke ƙona saiwa. Bishiya ba ta nuna ciwon nan take. Sai bayan shekara biyu ko uku rassan sama su fara bushewa, lokacin ɗan kwangila ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba. A auna faɗin gangar jikin bishiya a tsayin ƙirji, a ninka sau 12, a killace wannan tazarar kewaye da ita: mai faɗin santimita 50 tana buƙatar mita 6. Benci a ɗora shi a kan ƙasa, ban da haƙa masa tushen kankare, a baza ɓawon itace ko busassun ganye a maimakon daɓe.

Akwai tsofaffin silin da ake zargin na asbestos ne (wani ma'adini da ƙurarsa ke cutar da huhu) da leburori ke fasawa ba takunkumi, akwai tsohon fentin ƙofofi da ake gogewa a bushe alhali irinsa kan ƙunshi dalma. Waɗannan ma a sa ido.

Abin da muke nema bai fi ƙarfin ofishinka ba: takardar dakatarwa ga ɗan kwangila, a sake rubuta ƙa'idar aikin tare da maginin da ya san laka, a ware ɗan kason duba rufi da yaɓe kowace shekara kafin ruwa ya sauka. In ana ganin mun zuzuta, ka zo da injiniyan ma'aikata da guduma ɗaya, a ƙwanƙwasa bangon a gabanka.

Mun gode.

Daga wasu magina, masu zanen gine-gine da masana bishiyoyi.