Wasiƙa zuwa ga aminina bayan dashen ƙoda

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jiki, ya iyali? Na samu labarin an yi aikin lafiya har an sallame ka, na yi wa Allah godiya. Ka gaishe mini da ƙanenka da ya ba ka ƙodarsa, Allah ya saka masa da alheri.

Sanin halinka ne ya sa na rubuto. Kai ko ciwo na cin ka, in an tambaye ka sai ka ce da sauƙi. To wannan dauriyar ka ajiye ta a ƙofar asibiti, don likita da abin da ka faɗa masa yake aiki. In fitsari ya ragu, ko ƙafa ta kumbura, ko ka ji zafi a mara wajen da aka dasa ƙodar, ko zafin jiki ya kai digiri 38, ka kira su a ranar, kada ka jira ranar komawa. Gudawa da amai ma kada ka raina su, suna dagula yawan maganin dashen a jini.

Ni abin da ya fi ba ni tsoro shi ne lokacin da za ka ji garau. Jiki kan fara yaƙar sabuwar ƙoda mutum bai ji komai ba, sai gwajin jini ya tona. Dashen farko da ya yi nasara a birnin Boston na Amurka, a 1954, tsakanin tagwaye masu kama ɗaya aka yi shi, shi ya sa jikin bai ƙi ta ba. Kai da ƙanenka ba haka kuke ba, saboda haka maganin rage ƙarfin garkuwar jiki ba na ɗan lokaci ba ne, muddin ƙodar na aiki kana tare da shi. In irinsa da ake kira Tacrolimus, na sau biyu a rana, aka ba ka, awa 12 ne tsakani, ka sa wayarka ta riƙa tuna maka. Ranar gwaji kuma ka jefa na safe a aljihu, sai an ɗebi jinin sannan ka haɗiye, don abin da ya rage a jikinka kafin sabon sha suke son aunawa.

Sai 'yan dubiya, waɗanda kowannensu likita ne. Wani zai zo da jiƙo, wani ya miƙo maka ibuprofen ko diclofenac don ciwon baya. Ka yi godiya, amma kada ka sha, waɗannan biyun suna wahalar da ƙoda. Garehul, wato babban lemon nan mai ɗaci (grapefruit), shi ma ka haƙura da shi, yana sa Tacrolimus ya taru a jini. Mai mura kuwa ya yi maka sannu ta waya, ba zai ji haushi ba. Duk wanda zai rubuta maka magani ko ya yi maka allurar rigakafi, har likitan haƙori, ka fara gaya masa an yi maka dashe. Wasu alluran, irin ta zazzaɓin shawara (yellow fever), ba a yi wa mai shan maganinka.

Ka samu ɗan littafi kana rubuta nauyinka da awon hawan jini da tambayoyin da suka faɗo maka, don a gaban likita mantuwa ake yi. Ka riƙa tafiya da uwargida, ita ba za ta bari ka ɓoye komai ba. Abin da ba ka gane ba ka ce a maimaita.

Ka rubuto mini yadda gwajin gaba ya kasance. Allah ya ƙara lafiya.

Naka,
Amininka