Anti, Kowa Na Yaba Haƙurina, Ni Kuwa Barci Ya Gagare Ni

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya jama'a? Don Allah a sakaya sunana. Ƙanwata ce ke rubuta miki wannan a wayarta, ni ina faɗa mata.

Ni matar aure ce a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Ringim, shekarata 38, haihuwata bakwai, biyar na raye. A unguwarmu in za a kai amarya ni ake kira in yi mata faɗa. Sai ki ji tsofaffi na cewa, "Ki yi koyi da wance, ba a taɓa jin kanta ba." A da wannan yabon daɗi yake min. Yanzu in an faɗa sai in ji kamar an ƙara min dutse a ka.

Abin ya faro ne daga ambaliyar 2022, wadda ta cinye mana shinkafa, ta rushe ɗakuna biyu. Muna fake a makarantar firamare zazzaɓi ya kama ɗana na fari, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa. Anti, kin san alkunyar ɗan fari a wajenmu. Shekararsa 19 a duniya ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa jan sa a jiki gaban mutane ba. Da ya rasu ma kukan bai samu ba. Uwar mijina ta dafa kafaɗata ta ce, "Kul, ke ce babba. In kika karye wa zai riƙe gidan?" Na haɗiye. Ni ce ma na koma ba masu zuwa gaisuwa haƙuri.

Tun daga nan ban ƙara barcin kirki ba. Ƙarfe biyun dare idona biyu, ina ƙirga azara har a kira assalatu. Tuwo ba ya min ɗanɗano. Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, amma sau uku ke nan ina ƙona gyaɗa a kasko, ina zaune a gabanta, hankalina na wani wuri. Hular marigayin tana ƙasan adakata. In gida ya yi shiru nakan ɗauko in shinshina, in mayar da sauri kamar mai sata.

Maigida yana ci-rani a Legas, sai damina yake dawowa. Na taɓa gwada faɗa masa a waya, ya ce rashin tawakkali ne, in yawaita istigfari. Wallahi ina yi, kuma na yarda da ƙaddara. Yayata ta ce iska ce, aka yi ruƙiyya, na sha rubutu. Mai kemis ya auna ni ya ce jinina ya ɗan hau, ya ba ni ƙwayoyi. Nauyin ƙirjin dai yana nan.

Abin da ya sa na yi ƙundunbalar rubuto miki, ranar nan na ji ana labarin wata baƙar fata 'yar Amurka, Simone Biles, 'yar wasan motsa jiki, da ta janye daga wasu wasanni a gasar Olamfik ta Tokyo a 2021 saboda lafiyar ƙwaƙwalwarta. Aka ce can ma mace baƙar fata ana ɗaukar ta kamar ba ta gajiya. Na ce oh, ashe ba mu kaɗai ba ne. To ita duniya ta saurare ta. Ni in na buɗe baki a ƙauyen nan, kafin la'asar an ce wance ta taɓu, za a kai ta Kazaure ko Dawanau. Ga 'yata budurwa, an kawo kuɗin gaisuwarta. Wa zai auri 'yar mahaukaciya?

Anti, shin wannan shi ne ciwon damuwar da ake faɗa, ko kuwa imanina ne ya yi rauni? In ciwo ne, zan iya faɗa wa ma'aikaciyar asibitin garinmu ba tare da maganar ta fita ba? Kuma da wane baki zan fahimtar da maigida da uwarsa cewa na gaji, ba tare da sun ce na yi wa Allah butulci ba?

Taki,
Wata baiwar Allah daga Jihar Jigawa