Ku auna Gulbin Rima kafin ku kai mu Kainji

Assalamu alaikum Malam Edita. Na saurari shirin nan naku na auna lafiyar ruwan rafuka a gandun daji, kuma gaskiya raina ya ɓaci. Tun farko har ƙarshe baƙonku yana Amurka, yana ba mu labarin yadda ma'aikatan gandun dajin Yelloston na can ke shiga rafi da kwalabe su ɗebi ruwa, su duba zafinsa, da iskar da kifi ke shaƙa a ciki, da yawan laka, har ƙwarin da ke maƙale ƙarƙashin duwatsu suna ƙirgawa. Sai can daf da rufewa ya ce ya kamata a yi haka a gandayen dajin Kainji da Kamuku da Gashaka Gumti saboda dorina da kada. To mu fa? Haba Malam. Ko sau ɗaya ba a ambaci Rima ba, alhali ruwan da ke cika tafkin Kainji ɗin har da namu a ciki. Daga Goronyo yake gangarowa, ya haɗu da Gulbin Sakkwato nan kusa da gari, ya wuce Argungu da Birnin Kebbi ya faɗa Kwara. Duk abin da anka zuba mai a nan can za shi.

Ni noman rani nake yi a fadama wajen Kwalkwalawa, albasa da tumatir da ɗan tattasai, kuma da ruwan nan nake ban ruwa, da shi nake alwala in azahar ta same ni gona. Abin da idona ke gani kullum shi ne masu feshi suna wanke tankin maganin ƙwari a bakin gulbi su jefar da robar nan take, ga masu wankin babur da mota baƙin mai yana kwance bisa ruwa yana ƙyalli, ƙasa kaɗan kuma yara na wanka, mata na wanke-wanke, Fulani na shayar da shanu. Akwai wata safiya cikin bazara da ruwa ya ja baya na tarar da karfasa ƙanana birjik sun juya ciki sama a gefen ciyawa, yara na tsinta suna cika kwano za su kai gida. Na hana waɗanda zan iya hanawa, sauran sunka ruga da nasu. Babu wanda ya zo da kwalba ya ɗebi ruwan ya gaya muna abin da ya kashe su.

Kuma ai mun ga abin da rashin aunawa ya jawo a maƙwabta. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda niƙan dutsen zinari cikin gidaje, sai da yara sunka yi ta mutuwa kafin a gane dalili. Har yau ba a bar haƙar zinari ba, ana wanke shi da ruwa ana kama shi da zaiba, kuma Gulbin Zamfara da Gulbin Ka duk cikin gulbin nan suke zubawa. Baƙonku masani ne, ya san wannan, me ya hana mai gabatarwa ya tambaye shi?

Abin da nake roƙo, ku sake shirin. Ga jami'ar Ɗanfodiyo nan kusa da gulbin, ku gayyato malaman kimiyya, ku haɗa su da sarkawa da manoman fadama su faɗi abin da suke gani. In an auna ruwan ku riƙa karanta muna sakamakon da Hausa kamar yadda kuke karanta farashin hatsi, mu san lokacin da za mu hana ɗiyanmu shiga.

Sannan don Allah ku gyara layin wayarku, mutum ya yi ta kira ba ya shiga, in ya shiga kuma kafin ka gama sallama an katse an sa tallar maganin basir. Shi ya sa na rubuto.

Naku mai saurare,
Manomin fadama, Sakkwato