Sule 29 da Sunan Sarkin Maroko: Amsa ga Ɗalibata Kan Wasan da Ya Ɓace

Assalamu alaikum, 'yata.

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya, ke da iyali da yaran da kike koyarwa. Ranar taron marubuta, da na gama magana kan wasannin kwaikwayon Ingila na zamanin Shakespeare da suka ɓace, kin miƙe a gaban jama'a kin yi mini tambaya biyu a haɗe. Kika ce wasan da babu rubutunsa a hannu, da wace hujja za a ce an san shi? Sannan wanda na kawo misali da shi, Muly Molocco, ai kin karanta cewa shi ne The Battle of Alcazar aka sauya masa suna, to mene ne na wahalar da kai? Lokaci ya ƙure, aka tashi salla, na yi miki alkawarin amsa a rubuce. Tunda a bainar jama'a kika tambaya, a nan zan biya bashin.

Hujjar farko littafin lissafin ɗan kasuwa ce. Philip Henslowe mutumin Landan ne, marini tun asali, mai ba da rance bisa jingina, kuma shi ya gina gidan wasa mai suna Rose a 1587 a kudancin Kogin Tems. Ya ɗauki wani tsohon littafi da ɗan'uwansa ya yi lissafin aikin ƙarfe a ciki, ya juya shi, ya shiga rubuta abin da ke shigo masa. Kowane layi sunan wasa ne, da kwanan wata, da kason da ya samu. Kuɗin ma mun san su, domin su Turawa suka kawo mana: fam, sule, kwabo. Littafin yana nan har yau a kwalejin Dulwich, wadda surukinsa Edward Alleyn, babban ɗan wasan zamanin, ya kafa a 1619.

Lissafin wasannin ya fara ne ranar 19 ga Fabrairu 1592. A layi na biyu Henslowe ya rubuta wata kalma a birkice, mvlomvrco, ya sa sule 29 a gabanta. Daga baya ya ci gaba da rubuta sunan, kowane lokaci da irin haruffan da suka zo masa, fiye da sau goma cikin shekara guda. Da aka jera su aka gane Muly Molocco yake nufi. Ki lura da hali irin na wannan shaida. Shekarar da ya sa 1591 ce, domin a Ingila ta lokacin sabuwar shekara sai 25 ga Maris take kamawa. Ranar da ya sa kuma, 20 ga wata, Lahadi ce, shi ya sa masana ke gyara ta zuwa 21. Mutum ne mai kuskuren kwanan wata da na haruffa, amma ba shi da dalilin ƙirƙiro wasan da ba a yi ba, tunda kansa yake wa lissafi. Wannan ce amsar tambayarki ta farko. Mutane sun biya kuɗi sun kalli wani abu mai wannan suna, sun ji daɗinsa har aka yi ta maimaita shi. An yi wasan, wannan babu ja.

Tambaya ta biyu ita ce mai nauyi, kuma a kanta nake so in daɗe.

Muly Molocco yadda kunnen Bature ya ji Maulaya Abdulmalik ke nan, sarkin Maroko na gidan Sa'adawa. Ɗan ɗan'uwansa, Muhammad al-Mutawakkil, da ya rasa gadon sarauta, ya je ya gayyato Sebastian sarkin Fotugal. Aka gwabza ranar 4 ga Agusta 1578 kusa da Alƙasrul Kabir, a bakin Wadil Makhazin, sarakunan uku duka suka mutu a yini ɗaya. Abdulmalik da rashin lafiya ya fita fagen fama, ya cika ana tsakiyar yaƙi, mutanensa suka ɓoye rasuwar don kada runduna ta karaya. Wanda ya gaje shi ƙanensa ne, Ahmad al-Mansur, kuma shi ne dai wanda ya tura Judar Pasha ya ƙetare Sahara ya karya Songhai a Tondibi a 1591, aka kuma kwashi malaman Tumbuktu irin su Ahmad Baba zuwa Marrakesh. Ashe a shekarar da ta biyo bayan faɗuwar Gao, babban birnin Songhai, 'yan kallo a Landan suna biyan kwabo suna kallon labarin gidan sarautar da ta rushe ta. Wannan ne ya sa wannan layi na Henslowe ya kama ni tun ina saurayi.

To, akwai wasa a kan wannan yaƙi da ya tsira. An buga The Battle of Alcazar a 1594 ba tare da sunan marubuci ba, an kuma jingina shi ga George Peele saboda wani tarin waƙoƙi na 1600 ya kawo wasu baitocinsa da sunan Peele. Masu cewa shi ne Muly Molocco suna da hujjoji masu ƙarfi, ba zan rage musu ba. Abdulmalik yana cikin wasan, kuma an kira shi da wannan laƙabi. Henslowe ya saba kiran wasa da sunan mutumin ciki: The Spanish Tragedy a wurinsa Jeronimo ne kawai. Kuma yakan sa wata alama ta harufa biyu, n da e, a gefen wasannin da yawanci sababbi ne, amma bai sa wa Muly Molocco ba, alamar tsohon wasa ne a 1592, wanda ya dace da na Peele da ake ƙiyasta an rubuta shi wajen 1588 ko 1589.

Yanzu ga ɗaya gefen. Shafin farko na bugun 1594 ya ce ƙungiyar 'yan wasan Lord Admiral ce ta yi wasan, alhali waɗanda suka yi Muly Molocco a Rose ƙungiyar Lord Strange ce. Ana iya toshe wannan ɓaraka da cewa Alleyn ɗan ƙungiyar Admiral ne da ke wasa tare da mutanen Strange a lokacin, wataƙila ya zo da rubutun. Mai yiwuwa ne, amma ki ga mun fara cike gurbi da wataƙila. Na biyu ya fi damuna. A cikin wasan Peele, sarkin kusan ko'ina Abdelmelec ake ce masa, laƙabin jefi-jefi yake fitowa. Wanda ya cika dandali da kururuwa shi ne ɗan ɗan'uwan, Muly Mahamet, kuma wata takardar tsarin shiga da fita ta 'yan wasa da ta tsira, tana ɗakin karatu na Birtaniya, ta nuna shi Alleyn ya fito. Jeronimo shi ne gwarzon wasansa, shi ya sa sunan ya bi shi. Me zai sa mai gidan wasa ya tsallake rawar da surukinsa ya taka, ya laƙaba wa wasan sunan da ba a cika ji a cikinsa ba? Na uku, wannan yaƙi ba wasa ɗaya ya haifa ba. A Disamba 1596 Henslowe da kansa ya shigar a littafinsa sunan wani sabon wasa kan Thomas Stukeley, Baturen Ingila da ya mutu a wannan fagen, kuma an buga wasa mai wannan suna a 1605. Ingila na cinikin sukari da tufafi da Maroko, har an kafa kamfani don haka a 1585, kuma jakadan al-Mansur ya zo Landan a 1600. Labarin da kasuwarsa ke ci haka, babu mamaki ƙungiyoyi biyu su yi wasa biyu a kansa.

Ga matsayina. Na fi karkata ga cewa wasanni biyu ne, amma ban isa in rantse ba, kuma wanda ya rubuta abin da kika karanta shi ma bai isa ba. Laifinsa a wurina shi ne ya rubuta "shi ne" a inda ya kamata ya rubuta "ana zato". Hausawa sun gama magana da suka ce kama da wane ba ta wane.

Kada ki ɗauka tsantseni ne na banza. An taɓa yin irin wannan aure na dole, ya mutu. A 1598 wani marubuci, Francis Meres, ya lissafa wasannin Shakespeare, a ciki har da Love's Labour's Won, wanda babu wanda ya taɓa ganin rubutunsa. Da yake bai ambaci The Taming of the Shrew ba, masana da yawa suka ce ai shi ne. Sai a 1953 wani dillalin tsofaffin littattafai, Solomon Pottesman, ya tsinci wata takarda a cikin bangon wani littafin wa'azi. Jerin kayan wani mai sayar da littattafai ne na Agusta 1603, kuma a ciki akwai loves labor won da taming of a shrew, kowanne a layinsa. Takarda ɗaya da aka yi ciko da ita ta raunana zaton da aka daɗe ana koyarwa, ta kuma nuna alamar cewa har buga wasan an yi, kwafinsa ne duka suka salwanta.

Dalilin da ke sa mutane gaggawar haɗa suna da wasan da ke hannu shi ne suna ganin ɓacewa abu ne mai wuya. Lissafi ya nuna akasin haka. Ƙiyasin da masana irin su Martin Wiggins suka yi shi ne an rubuta wasanni wajen 3,000 don gidajen wasan Landan daga 1567 zuwa 1642, shekarar da majalisa ta rufe su. Waɗanda suka tsira 543 ne. Wasu 744 mun san sunayensu ko wani abu game da su, rubutun ne babu. Sauran ko suna ba su bari ba. Rubutun wasa dukiyar ƙungiya ne, sau da yawa kwafi ɗaya tak, kuma gobara ta sha cin gidajen wasa: Globe ya ƙone a 1613, Fortune a 1621. Saboda haka idan kika ci karo da baƙon suna a littafin Henslowe, zaton da ya fi kusa da gaskiya shi ne wasan ya ɓace. Mai cewa ya tsira da wani suna, shi ne mai da'awa, kuma hujja a kansa take.

Akwai abu ɗaya kuma da ɗalibar da ta taso cikin masu tantance isnadi za ta gane nan take: shi kansa littafin sai an bincike shi. John Payne Collier, wanda ya buga shi a 1845, ya cusa layukan ƙarya a cikin takardun da hannunsa, don ya samar wa zatonsa shaida. Sai da George Warner a 1881, da W. W. Greg bayansa, suka bi tawada da salon rubutu suka tsame su. Abin yana mini ciwo duk lokacin da na tuna, domin mutum ne mai ilimi na gaske, son ya ga an cike gurbi ne ya kai shi.

Kin kuma ce, cikin raha, me za a ci da wasan da babu shi. Idan muka haɗiye Muly Molocco cikin wasan Peele, mun rage wasa ɗaya daga lissafi, kuma hoton da muke da shi na abin da mutanen Landan ke kallo ya ƙanƙance. Idan muka bar shi a tsaye da ƙafarsa, sai mu ga a wannan zangon na 1592 ana jera shi da The Jew of Malta da Tamar Cham, wani wasan da shi ma ya ɓace, kan sarkin Mongol. Dandalin cike yake da Larabawa da Turkawa da Tatar, tun shekaru kafin a rubuta Othello. Wanda ya karanta waɗanda suka tsira kaɗai ba zai ga yawan irin waɗannan baƙi da ake kawowa gaban 'yan kallo ba, alhali Shakespeare kasuwa ya tarar tana ci. Sunayen da ba su da rubutu su ne suka gaya mana haka.

Abin da nake roƙonki, idan kin zo wannan darasi, kada ki ba yaran amsa. An ɗauki hotunan takardun Henslowe da Alleyn an sa a intanet kyauta, akwai kuma rumbun bayanai na ɓatattun wasanni da Roslyn Knutson da David McInnis suka fara a 2009, inda ake jera hujjar kowane suna. Ki buɗe musu shafin Fabrairu 1592, su lalubo layi na biyu da kansu, su yi fama da haruffan har su karanta sule 29 ɗin. Sannan ki raba su gida biyu, wasu su kare cewa wasa ɗaya ne, wasu su kare cewa biyu ne, ki hana kowa faɗin abin da ba zai iya nuna shi a takarda ba. Ina so in ji ɓangaren da ya rinjaya a ajinki, da hujjar da suka rinjaya da ita.

Ki gaida maigidan da yara.

Wassalam,
Malaminki.